Wasan Alawar Inna Adama

"Ɗauke hannunki," in ji Inna Adama.

Na riga na ɗora yatsa a kan wata jar alawa, saura in ja ta gefe ta haɗu da 'yan'uwanta biyu. Ta miƙo hannun hagu ta buge mini yatsan. Ba da ƙarfi ba, don ƙarfin babu.

"Duba ƙasa tukuna."

Na duba ƙasan gilashin wayar, ban ga komai ba sai alawa kala-kala jere a gidajensu, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa. Ta bar ni ina ta dubawa har na fara jin haushi, sannan ta nuna mini da farce. Da zan saukar da shuɗiyar nan guda, huɗu ne za su haɗu ba uku ba, kuma duk abin da ke samansu zai zubo ya sake haɗuwa da kansa. Na yi yadda ta ce. Allon ya yi ta fashewa shi kaɗai har sau uku ban ƙara taɓa shi ba. Ta koma ta jingina da filo, ta share yawun da ya gangaro gefen bakinta da bakin mayafi, ta ce in ci gaba. Kwana na uku ke nan da ta fara koya mini wasan, kuma ba don nishaɗi take koya mini ba.

Gida ɗaya muke haya a Magama ta Jibiya, bayan inda manyan motoci ke tsayawa kafin su tsallaka Nijar. Ɗakinta na kallon nawa, igiyar shanya ce kawai tsakaninmu. Ita 'yar Ɗan Isa ce, can ƙasar Maraɗi. Ta zo Jibiya da mijinta ɗan dako tun ina yarinya, da ya rasu kuma ba ta koma ba. Shinkafa da wake take sayarwa a bakin boda, direbobi da 'yan dako da ma'aikata duk a wurinta suke karyawa. Ko da aka kawo ni gidan ina amarya na same ta a ciki, ita ta nuna mini mai sayar da ruwan da ba ya da gishiri, ita ta fara yi wa ɗana na fari wanka.

Da aka rufe boda a daminar 2019, motoci suka daina zuwa. Maigidana Ya'u, wanda direba ne, ya koma zaman inuwa da abokansa. Inna Adama ta rage girki daga kwano goma zuwa uku, daga uku zuwa ɗaya. Wata safiya tana tsugune tana hura wuta ta kife gefen murhu. Muka kai ta asibiti a Katsina, suka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Ta dawo gida tana jan ƙafa, hannun dama a lanƙwashe, magana kuma sai wanda ya saba da ita ke ganewa.

'Ya ɗaya gare ta, Mariyamu, tana aure a Maraɗi. Da yake ita ce ta fari, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba a gabana, sai dai ta ce "'yar Maraɗi". Mariyamu ta zo a kan babur ta hanyar daji, don ta titi ba a wucewa. Ta yi kwana tara tana jinya. Tana da ƙaramin ciki a lokacin, bayan ɓari biyu da ta yi a jere. Ta so ta tafi da uwar, amma babu yadda za a ɗaure mai shanyewar jiki a bayan babur a bi yashi da ita, Inna ma ta ce ba inda za ta.

Kafin Mariyamu ta koma ta bar wa Inna tsohuwar wayarta. Wata ma'aikaciya a asibiti ta ce a riƙa ba yatsun dama aikin yi, ko tsintar wake, ko jan carbi. Mariyamu ta ce ga wani aikin, ta buɗe mata wasan alawa. Ba ya bukatar karatu. Ka jera uku masu kala ɗaya su ɓace, ka yi abin da aka ce kafin takunka ya ƙare. In ka ci, ka wuce mataki na gaba, in ka faɗi, rai ɗaya ya tafi cikin biyar, sai ka jira ya dawo. Matakan a jere suke a kan wata hanya mai lanƙwasa kamar taswira, shi ya sa Inna ke ce musu zango. Mariyamu ta haɗa wayoyinsu yadda kowace za ta ga ɗan hoton 'yar'uwarta a zangon da ta kai, da makin da ta samu. Nata hoton yana can sama, zango na ɗari uku da arba'in. Na Inna, wanda aka ɗauka a ƙofar ɗaki da mayafi ruwan toka, yana na ɗaya.

A hanyar komawa babur ɗin ya zame a cikin yashi kusa da Ɗan Isa. Mariyamu ta ga jini. Cikin bai zube ba, amma likita ya kwantar da ita, ya ce ko tsintsiya kada ta ɗauka har ta sauka. Labarin ya iso wa Inna. Ta ƙi cin abinci ranar.

Ya'u ya fara tsarguwa da wasan. Ya ce abin ya yi masa kama da caca, kuma tun da aka kawo shari'a ba wanda ke son a ce ana caca a gidan da yake kwana. Ya je ya tambayi liman. Liman ya ce in ba a zuba kuɗi, kuma ba ya sa a jinkirta salla, to a kashe kiɗan a bar baiwar Allah ta motsa hannunta. Kiɗan kuwa tun ranar farko ta sa aka kashe mata, ta ce yana hana ta tunani. Daga nan Ya'u ne ma ke kai wayar wurin mai caji in za shi masallaci.

Da farko yatsan dama ba ya sauka inda ta nufa. Ta nufi kore ya ja shuɗi, ta yi tsaki ta sake. Sai ta sa na tattaro mata murafun kwalaben lemo daga shagon bakin titi, kala biyar. In rayukanta sun ƙare, ko wayar tana wurin caji, sai ta jera murafun a kan faranti, bakwai-bakwai, ta yi ta tura su da yatsan nan mai gardama. Wani lokaci ba ta tura komai, kallo kawai take. Na tambaye ta me take kallo, ta ce tana koya wa idonta ganin huɗu da biyar tun ba su haɗu ba. Yau ta bi ja kaɗai, gobe kore kaɗai. Kuma ba ta barin zango da tauraro ɗaya. In ta ci da ƙyar sai ta koma ta sake, har sai ta samu uku.

Cikin wata huɗu ta kai zango na ɗari biyu da saba'in. Hannun ya saki har tana riƙe cokali. Waya tsakaninta da 'yarta ba ta tsawo, don maganar Inna ba ta fita a waya, hoton bidiyo kuma ba ya tafiya a layinmu. Yawanci ni ke tsayawa jikin katanga inda layin Nijar ya fi kamawa in isar da saƙo. Mariyamu ta gaya mini cewa kullum da safe, kafin ta sha magani, sai ta buɗe wasan. Ita ta daina yi, kwanciya ta sa ba ta son kallon gilashi da yawa. Hoton Inna kawai take dubawa. In ta ga ya matsa, ta san hannu na aiki, kai na aiki, sai hankalinta ya kwanta.

Ana shiga zafi abin ya sake bugun ta. Wannan karon ba ta faɗi ba. Na kai mata kunu na tarar tana zaune, wayar a cinyarta, hannun dama ya koma yadda yake da, na hagun ma yana rawa. Ya'u ya samo mota muka kai ta asibitin Jibiya. Suka ƙara mata magani, suka ja Ya'u gefe suka ce a koma da ita gida a kula da ita.

Da muka dawo na ɗauki wayata zan fita jikin katanga. Ta kira ni.

"Salmatu, ina za ki?"

Na ce zan gaya wa Mariyamu.

"In kin hwaɗa mata, babur za ta hau."

Na ce ai mijinta Ahmadu ba zai bari ba. Ta ce ita ta haifi abarta, ta san ta, Ahmadu ba ya iya tsare ta. Saura mako biyar ko shida ta sauka. Ta ɗauki lokaci kafin ta haɗa sauran maganar, ina tsaye da waya a hannu ina jira.

"Biyu sun zube. Wannan ba za shi zube saboda ni ba."

Sannan ta turo mini wayarta da bayan hannu. Ta ce hoton nan kada ya tsaya. In ya kwana uku wuri ɗaya, 'yar Maraɗi za ta gane.

Na ce mata ni ban iya ba, kuma gaskiya ce. Na taɓa gwadawa sau biyu na watsar. Ta ce ita ma ba da shi aka haife ta ba. Na ce wannan ai yaudara ce, Inna. Ta ce alhakin a wuyanta. Na gaya wa Ya'u da yamma, ya ce shi ba zai ce in yi ba, ba zai ce in bari ba, amma in an tambaye shi kai tsaye ba zai yi ƙarya ba. Ba wanda ya tambaye shi.

Haka na zama ɗalibarta. Da na gama aikin safe sai in shiga ɗakinta in gyara ta, in zauna bakin katifa in riƙe wayar yadda za ta gani. Ba ta bar ni na fara daga inda ta tsaya ba. Ta mai da ni zango na ashirin, na talatin, waɗanda faɗuwa a cikinsu ba ta da zafi, na yi kwana biyu a can. Abin da ta fara hana ni shi ne sauri. Kafin in taɓa komai sai in faɗa mata da baki me zangon yake so: ƙanƙara za a fasa, ko goro za a saukar ƙasa, ko wata kala za a tara. Ta ce rabin masu faɗuwa ba su san abin da aka aike su ba, suna ta fasa alawa suna jin daɗi har taku ya ƙare. In na daɗe ban taɓa ba, wayar takan girgiza wasu alawa uku ta nuna mini. Hannuna sai ya tafi can da kansa. Nan ne na fi shan bugu.

"Salula ba ta son ki ci," in ji ta. "Abin da ya fi kusa take nuna miki."

Ta koya mini in fara da kusurwa da gefe, don tsakiya tana gyara kanta. In na samu alawa mai zane, wadda ke share layi guda, kada in fasa ta don murna, in lallaɓa ta har ta zo kusa da mai ƙunshi in haɗa su. In muka shiga sabon zango, ran farko na leƙen hanya ne, ba a sa ran ci, a ga dai inda abin ke toshewa. In na faɗi sau biyu a jere ta ga fuskata ta canja, sai ta kife wayar ta ce in je in wanke kwanuka. Da rana in wayar ta tafi caji, ta sa in jera murafun kwalaba, ta ce in nuna mata wuri uku da biyar za su iya haɗuwa. Sai in rantse babu, ita kuma tana kwance, da ido ɗaya mai kyau, ta nuna mini biyu.

A kwana na biyar na ci zango na ɗari biyu da saba'in da ɗaya, da tauraro ɗaya, a takun ƙarshe. Na ji daɗin da na ji kunyarsa. Ta ce in koma in nemo uku. Na ce Inna, ga wanki, ga girki, ga yara za su dawo daga makaranta. Ta dubi ɗan hotonta da ya matsa gaba, ta ce to a bar shi haka.

Washegari Mariyamu ta kira. Ta ce ta ga 'yan kwanakin nan Inna ta tsaya, har ta fara damuwa, sai yau ta ga ta wuce. Yaya jikin nata? Na ce da sauƙi. Kalmar nan kowa na faɗin ta, har a kan wanda aka riga aka juya wa fuska gabas, amma ranar ta yi mini nauyi a baki. Na kai wa Inna wayar, ta tattara ƙarfinta ta ce, "Lahiya lau. Ki kwanta." Ta yi gumi kafin ta gama.

Muka yi wata guda a haka. Kullum zango ɗaya, wani lokaci biyu. Akwai wanda ya riƙe ni kwana uku, har na yi mafarkin alawa na zubowa daga rufin ɗaki. Na fara ganin huɗu tun ba su haɗu ba, na daina bin abin da wayar ke girgizawa. Ita kuma tana raguwa. Ta daina bugun yatsana, sai dai ta yi gyaran murya in zan yi kuskure. Daga baya gyaran muryar ma ya tsaya. Sau biyu na fita jikin katanga da niyyar in faɗa wa Mariyamu gaskiya. Na farko ta riga ni da labarin cewa yaron na motsi sosai, likita ya ce kai ya juya. Na biyu Ahmadu ne ya ɗauka, ya ce ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau, ana tunanin kwantar da ita a asibiti. Na gaishe shi na kashe.

A makon ƙarshe tambaya ɗaya Inna ke yi, in na shigo da safe da kuma in zan fita da yamma: "Ta sauka?" In ce tukuna. Sai ta lumshe ido.

Ranar Talata da hantsi na ba ta kunu, ta karɓi cokali biyu ta kau da kai. Na zauna inda na saba na buɗe wayar, ina faɗa mata abin da zangon ke so kamar kullum, ko da yake ta daina kallo. Ina cikin yi na ji numfashinta ya canja, yana ja yana tsayawa. Na ajiye wayar a kan tabarma na leƙa na kira Aishatu, matar mai gidan da muke haya. Ta zo ta duba, ta aika a kira Ya'u daga inuwa. Muka gyara mata kwanciya. Aishatu na karanta mata kalmar shahada a kunne, ni ina riƙe da hannun hagun, ina ɗiga mata ruwa a leɓe da auduga. Leɓenta ya motsa, ban san ko kalmar take bi ba ko tambayarta take yi. Kafin a kira azahar ta cika.

Ni na zuba ruwa, Aishatu ta yi wankan. Yatsun dama sun ƙi miƙewa, ta yi ta shafa su da ruwan ɗumi ɗaya bayan ɗaya har suka kwanta. Mutane sun taru fiye da yadda na zata. Direbobin da suka yi wata da watanni ba aiki, 'yan dako, har da wasu ma'aikatan boda cikin kakinsu. Bayan la'asar aka kai ta.

Ya'u ya kira Ahmadu tun kafin a ɗauke ta. Da ya dawo daga maƙabarta ya same ni a madafa ya ce Mariyamu na asibiti tun jiya, gobe ko jibi za a yi mata aiki a ciro yaron, likita ya ce kada a tayar mata da hankali ko kaɗan. Ahmadu ya ce ba zai gaya mata ba sai ta sauka. Kuma ya roƙi abu ɗaya. Ya'u bai dube ni ba da yake faɗa. Wai wayar Mariyamu na hannunta a gadon asibiti, kuma ba abin da take buɗewa sai wasan nan, kada hoton Inna ya tsaya. Ashe Ahmadu ya daɗe da zargin wani abu, bai dai tambaya ba.

Laraba da safe tsakar gida cike da mata masu gaisuwa. Na saka wayar cikin zani na zagaya bayan ɗaki, wurin da muke tara itace, na tsuguna. Zango na ɗari uku da shida ne. Na duba abin da yake so, na fara daga ƙasa. A rai na biyu na ci. Hoton mai mayafi ruwan toka ya matsa gaba taku ɗaya. Na kashe wayar gaba ɗaya, na wanke fuska a bakin randa, na koma cikin mata na ci gaba da amsa gaisuwa. Ban ƙara kunna ta ba.

Ran Alhamis aka ciro yarinya, mace, lafiya lau. Ran Asabar Ahmadu ya gaya wa Mariyamu. Ba ta kira ni ba, ni ma ban kira ba. Muka ji a bakin mutane cewa an sa wa jaririyar suna Adama.

Sai da Mariyamu ta yi arba'in da haihuwa ta zo. Wannan karon a mota suka zo har Ɗan Isa, suka tako sauran da ƙafa, ita da Ahmadu. Ta rame, ta yi haske. Ta gaisa da mutanen gida, ta karɓi gaisuwa, sannan ta shiga ɗakin uwarta ta zauna a kan katifar da goyo a bayanta. Na kai mata ruwa da makullin akwatin Inna da wayar. Ta karɓi wayar ta juya ta a hannu.

"Ran Laraba na ga ta wuce zango," ta ce. "Na nuna wa Ahmadu, na ce ka gani, Inna ta warware. Da wannan na shiga ɗakin aiki."

Na ce ni ce.

"Na sani yanzu. Tun yaushe?"

Na gaya mata, tun daga ɗari biyu da saba'in da ɗaya. Na gaya mata yadda abin ya sake bugun Inna, da abin da ta ce game da babur, da yadda ta koya mini. Ban rage komai ba, ban kuma ce alhakin a wuyan Inna yake ba, ko da yake ita ta faɗa. Mariyamu ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ta lura makin ya faɗi, ta san Inna ba ta barin zango a haka, amma sai ta ce wa kanta gajiya ce. Ta ce wataƙila ita ma ba ta so ta gane ba.

"Mako biyar, Yaya Salmatu. Da ko muryarta na ƙara saurara da kyau."

Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tambaye ni ko Inna ta sha wahala a ƙarshe, na ce a'a, kamar barci. Ta tambayi abin da ta faɗa na ƙarshe, na gaya mata tambayar nan ta safe da yamma. Nan ne ta juya fuska bango. Jaririyar ta farka ta fara kuka, ta kwance goyon, ta daɗe tana riƙe da ita, sannan ta miƙo mini ta ce in riƙe mata za ta yi alwala.

Kwana biyu ta yi. Ta raba kayan ɗakin, ta ba Aishatu katifa, ta ba ni akwati, wayar kuma ta saka a jakarta. Maganarmu ba ta wuce ta abinci da ruwan wanka ba. Ranar da za su koma ta ce tana son ganin inda aka sa Inna. Mata ba sa shiga maƙabarta a wurinmu, don haka Ya'u ya ce zai nuna mata daga waje, ai kan hanyarsu ce. Ta tsaya a ƙofar gida tana gyara goyo, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ba ki zuwa?" Na ɗauko hijabi.

Katangar maƙabartar ta zube ta gefen titi, an toshe wurin da ƙaya. Muka tsaya nan. Ya'u da Ahmadu suka cire takalma suka shiga, muna ganin su suna ratsa kaburbura har suka yi nisa. Ya'u ya tsaya kusa da wata aduwa, ya waiwayo, ya ɗaga hannu ya nuna ƙasa a gabansa. Daga inda muke duk tudun ƙasar iri ɗaya ne. Mariyamu ta yi ɗage, ta kare rana da tafin hannu, sannan ta juya gefe yadda fuskar jaririyar za ta kalli wajen. Yarinyar na barci, kanta ya langaɓe, hular ta zame ta rufe mata ido ɗaya. Na sa hannu na gyara mata.